Kawu Diddigi da Tambayoyin da Lauya Ta Hana

Kawu Diddigi wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan ba na yanka ba ne. Dangi suka laƙaba masa tun yana saurayi, saboda bin diddigi. In ka zauna kusa da shi a mota, kafin ku isa tasha ya san sana'arka, da unguwarku, da yawan ƙannenka, da dalilin da ya sa babanka ya daina magana da maƙwabcinsa. Ba mugu ba ne, kuma ba ya kai gulma gaba. Shi dai ya sani kawai. In mutum ya fara labari ya tsaya a tsakiya, sai ka ga Kawu ya kasa zama, kamar mai ƙaiƙayi a tsakiyar baya inda hannu ba ya kaiwa.

Mu 'ya'yan dangi mun sha fama da shi. Ranar da na sa sabon takalmi na je gidansu, ban kai ga zama ba ya tambaye ni wa ya saya min. Na ce ni na saya da kaina. Ya ce, "To wa kike so ya gani?"

Matarsa, wadda muke kira Anti, mace ce mai ƙarancin magana. Mahaifiyata takan ce da gangan aka haɗa su: shi ya yi ta tambaya, ita ta yi ta cewa "haka ne." Sun tsufa tare, kuma har gobe yana cewa bai gama sanin ta ba. Ina jin abin da ya riƙe auren ke nan.

A kamfanin katifa ya yi rayuwar aikinsa. Babbar rumfar kwano ce, soso jibge har rufi, warin gam da sabon yadi, injin yanka yana ƙara a gefe ɗaya, kekunan ɗinki suna amsa masa a ɗaya gefen. A sito ya fara, yana karɓar yadi da zare yana fitarwa. Ba a jima ba ya zama shi ne ya san wace ce a sashen ɗinki mijinta ba shi da lafiya, wane ne cikin masu lodi yake neman canjin gida. Manajan wancan lokacin, wani mai tumbi da hawan jini wanda ba ya son doguwar magana, ya kira shi wata rana ya ce, "Kai ka san mutane. Daga yau in za a ɗauki ma'aikata, kai za ka riƙa zama da ni kana yi musu tambayoyi."

Kawu ya dawo gida yana fara'a kamar an ba shi mota. Abin da yake yi kyauta tun yana yaro ana hararar sa, yau an mayar masa da shi aiki.

Ɗakin intabiyun yana saman bene. Tebur ɗaya, fanka mai kuka, da taga mai kallon cikin masana'anta. Kujerar mai neman aiki ƙafarta ɗaya gajera ce, mutum yana magana yana rawa. Ƙofar kuwa ba ta rufuwa sai an daka ta da kafaɗa. A nan Kawu ya kafa mulkinsa. Mutum zai shigo da takardunsa a fayil, Kawu ya ture fayil ɗin gefe cikin ladabi ya ce, "Ɗan waye kai?" Daga nan sai inda hira ta kai su. Manaja yana gefe yana gyangyaɗi, in an gama ya buɗe ido ya ce, "Ya ka gani?"

Haka Kawu ya ɗauki direban da bai iya ribas ba. Gwaggon direban ta taɓa zama kusa da gidan da Kawu ya yi haya yana gwauro, suka yi ta hirarta har aka manta da zancen tuƙi. A makon farko direban ya ja babbar motar kamfani da baya, ya rushe ɗakin maigadi, Allah ya sa maigadin ya fita shan shayi.

"Amma yaron ɗan mutunci ne," in ji Kawu. "Na san gwaggonsa."

Manaja ya ce, "To kira gwaggon ta zo ta fitar mana da motar."

Wannan bai taɓa kujerar Kawu ba. Abin da ya girgiza ta shi ne wata mata mai koriyar jaka. Ana neman shugabar sashen ɗinki, ta zo da samfurin aikinta a cikin jakar, an ninke su tsaf. Ta zauna a kujerar nan mai rawa, ta dafe ƙasa da ƙafa don ta tsaya.

"Sannu da zuwa, Malama," in ji Kawu. "Ya gida? Ya maigidan?"

"Lafiya lau."

"Au, ashe akwai maigidan. Madalla. An daɗe da auren?"

"Bara ne."

"Kai, amarya ce ashe! To akwai labari mai daɗi a hanya?"

Ta dubi Manaja, ta dubi Kawu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo da samfurin ɗinkina, in za ku duba."

"Za mu duba, za mu duba. Shi maigidan me yake yi? Ya yarda ki riƙa kaiwa yamma a wurin aiki? Uwar mijin tare kuke?"

Ta amsa wasu, ta yi murmushi ta tsallake wasu. Jakar tana kan cinyarta har aka gama, ba wanda ya ce ta buɗe. Da ta fita ta ja ƙofar a hankali, irin jan mai ladabi, don haka ƙofar ba ta rufu ba. Manaja ya yi hamma ya ce, "Wannan kafin shekara ta zagayo za ta nemi hutun haihuwa. Kira na gaba." Tana bakin matattakala tana gyara takalmi, ta ji komai. Aka ba wani namiji aikin.

Bayan 'yan watanni sai ga sammaci daga kotun ma'aikata.

Kawu ya sa babbar rigarsa ta zuwa taro ya je ba da shaida, zuciyarsa wasai, don a ganinsa gaisuwa kawai ya yi. Ya ba ni labarin nan sau ba adadi, kuma duk lokacin sai ya goge goshi in ya zo wurin da lauyan matar ya miƙe.

"Malam, cikin tambayoyin da ka yi mata, wace ce ta shafi ɗinki?"

Kawu ya yi tunani. Ya ƙara tunani. Can ya ce, "Na tambaye ta wa ya ɗinka mata rigar da ke jikinta."

"Ta ce wa?"

"Ta ce ita ta ɗinka."

"Ɗinkin ya yi kyau?"

"Ƙwarai kuwa. Shi ya sa na tambaya."

"To me ya hana ku ɗauke ta?"

Kawu ya juya ya dubi Manaja, Manaja ya dubi fanka. Kamfani ya sha kaye, ya biya matar, ya ba ta haƙuri a rubuce. Manaja ya yi ritaya, aka ce saboda lafiyarsa. Da na tambayi Kawu abin da ya fi yi masa ciwo a ranar, sai ya ce abu biyu ne. Na ɗaya, matar ta wuce ta gabansa a bakin kotu ya gaishe ta, ta dube shi kamar ba ta ga mutum ba, shi da yake ganin sun rabu da daɗi. Na biyu kuma, ya lura babu ciki a jikinta, kuma har yau bai sani ba ko ta haihu ne ko dama babu.

Mai kamfani ya so ya mayar da shi sito. Wadda ta hana ita ce lauyar da aka ɗauko ta gyara musu tsarin ɗaukar ma'aikata, wata siririyar mata mai tabarau wadda a haife ya haife ta. Ta zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa mai kamfani, "Ku bar min shi. Shi kaɗai ne a cikinku in ya yi tambaya yake sauraron amsa. Tambayar ce ba ta da kyau."

Ta kira shi ɗakin saman bene, ta zaunar da shi a kujerar mai neman aiki.

"Baba, daga yau babu tambayar aure. Babu tambayar ciki ko yara. Babu addini, babu ƙabila, babu asali."

"Shekaru fa?"

"A tabbatar dai mutum ya kai shekarun aiki. Bayan haka ba ruwanka."

"In na ga yana ɗingishi?"

"In aikin lodi ne, ka faɗa masa nauyin da ake ɗagawa, ka tambaye shi ko zai iya, kamar yadda za ka tambayi kowa. Abin da ya sami ƙafar ba naka ba ne."

"To mace mai yara ƙanana, ga aiki har yamma?"

"Ka faɗa wa kowa lokacin tashi, mace da namiji, ka ji ko ya yi masa. Namijin ma ai yana da yara."

Kawu ya gyara zama, kujera ta karkata. Ya ce, "'Yata, tsaya. In ban san uban mutum ba, ranar da ya sace katifa wa zan kama?"

"Shi za ka kama. Uban ne ya sata?"

"Yanzu mutum ya shigo, ko 'ya iyali' ba zan ce ba?"

"Ka ce masa ya hanya."

"Hanyar daga ina?"

"Baba!"

Ta tsara musu yadda za a yi. Kafin a kira kowa, a zauna a fayyace abin da aikin yake bukata. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa. Tela ya hau keke a gani, direba ya shiga mota, har da ribas. Mutum uku a teburi, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki a tattauna. Ban da Kawu da sabon Manaja, ta ukun ita ce Sakatariya, wata dattijuwa mai nauyin jiki, kuma Lauya ta ba ta wani aiki na musamman: duk lokacin da ta ga bakin Kawu ya nufi inda bai kamata ba, ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Anti ta ce a shekarun nan duk takalmansa na dama sun riga na hagu mutuwa.

Watannin farko azaba ce. Mutane ba su san an canja tsari ba, sai su zo suna ajiye masa rabin labari a gabansa. Wani mai neman aikin gyaran inji ya ce, "Bayan abin da ya faru tsakanina da yayana ne na bar garejinmu." Kawu ya miƙa wuya, bakinsa ya buɗe, Sakatariya ta sauke masa ƙafa. Ya haɗiye yawu ya ce, "Wane irin inji ka fi sabawa da shi?" Ranar ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya dubi Anti ya ce, "Ke a ganinki me zai haɗa wa da ƙani a gareji? Gado ne ko mace?"

"Haka ne," in ji Anti.

Ya kai ƙara wurin Lauya, ya ce an ɗaure masa baki, gara a mayar da shi sito. Ta ce, "Wa ya ɗaure maka baki? Ƙofa ɗaya na bar maka a buɗe, ba ka shiga ba. A kan aiki, tona har inda ka ga dama. Ka ce mutum ya ba ka labarin ranar da aiki ya ɓaci a hannunsa. Labari ne shi ma."

Nan Kawu ya sami inda zai juye ƙaiƙayinsa. "Ba ni labarin ranar da aiki ya lalace maka. Sai me ya faru? Kai kuma ka ce me? Shi ogan ya ce me? Da ka koma washegari fa?" Wani ya zo cikin kwat yana ƙamshi, komai "mun gyara," "mun tsara," "mun ceto kamfani." Kawu ya saurara da sha'awa ya ce, "Madalla. Ku nawa ne? Wa ya kwance injin? Wa ya gano matsalar? Kai da hannunka me ka taɓa?" Aka yi ta sauka mataki mataki, har mutumin ya ce, a gaskiya shi ne yake riƙe musu tocila.

Wani kuma ya shigo yana gumi, amsarsa ba ta wuce "e" da "a'a." A da Kawu zai ce wannan ba shi da dangi ne, ya sallame shi. Yanzu sai ya tura masa ruwa, ya bar shi ya sha, ya ce, "Injin da ka bari a can, wane hali gare shi da safe?" Mutumin ya ɗan yi murmushi. Kafin a ankara ya tashi tsaye yana zana ruwan wuƙar injin a iska, yana kwaikwayon kukanta in ta dushe. Shi ne shugaban sashen yanka har yanzu.

Sannu a hankali sunan Kawu ya fita. Waɗanda ya ɗauka suna zama, motoci sun daina rushe gini. Har wasu kamfanoni suka riƙa aron sa ya koya wa manajojinsu. Na taɓa raka shi irin wannan taron, na zauna a baya. Na ga Kawuna, wanda da safiyar ranar ya tambaye ni dalilin da ya sa ƙawata ta daina zuwa gidanmu, ya tsaya gaban mutane yana nuna su da biro yana cewa, "Ina ruwanka da matar wani? Matar ce za ta yi maka aikin?" Sai da na cusa fuska a jaka.

Ana nan sai aka nemi mai kula da tura kaya, wato wanda zai tsara wace mota za ta ɗauki waɗanne katifu zuwa wane shago. Cikin waɗanda suka zo akwai wata mata da cikinta ya riga ta shigowa ɗakin. Kawu ya miƙe ya ba ta kujerarsa, shi ya zauna a mai rawa. Sakatariya ta ɗaga ƙafa ta shirya. Ba a bukace ta ba. Ya yi wa matar tambayoyin da ya yi wa kowa, idonsa a kan fuskarta kamar an ɗaure shi da zare. Da ya ce ta ba shi labarin ranar da aiki ya ɓaci, ta faɗi yadda motoci biyu suka mutu mata a hanya rana ɗaya a tsohon wurin aikinta, da yadda ta raba kayan, da wanda ta fara kira da dalili. Ta faɗi kuskuren da ta yi a ciki ba tare da an matsa mata ba. Da aka haɗa maki, ita ce a sama, har a takardar sabon Manaja.

Sabon Manajan matashi ne mai son a ce yana tafiya da zamani. Ya tashi ya daka ƙofa da kafaɗa, ya ƙara dakawa don ya tabbatar, sannan ya rage murya.

"Baba, ka ga abin da na gani?"

"Me ka gani?"

"Cikin mana! Haihuwa yau ko gobe."

"Ni ban ga ciki ba. Maki na gani."

"Kai da kake gane ciki tun mai shi ba ta sani ba?"

"Wannan a gida ne."

Manaja ya ce lokacin da makarantun kwana suke odar katifa yana tafe, lokacin da ko atishawa ba a samun damar yi. Ya ce wanda ya zo na biyu ma ai ba laifi, a rubuta cewa ya fi ta gogewa, shi ke nan, ba wanda zai sani.

Kawu ya ce, "Ni zan sani. Kuma na taɓa tsayawa gaban alƙali, na san yadda wurin yake. Ba zan koma ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Waccan ko jakarta ban bari ta buɗe ba. Wannan ta buɗe tata mun gani."

"To in ta tafi hutu wa zai riƙe aikin?"

"Sai a nemo mai riƙewa."

"An samu," in ji Manaja. "Kai ne."

Aka ɗauke ta. Ta yi 'yan makonni ta gyara sashen, direbobi suka fara fita kan lokaci, sai haihuwa ta zo mata da wuri. Kawu ya sauko daga bene ya zauna a ƙaramin ofishinta na bakin ƙofar lodi, inda hayaƙin motoci yake shigowa ta taga, wayoyi biyu suna kuka a tare. A makonsa na farko ya tura ƙananan katifun ɗalibai wani otal, ya tura manyan katifun otal makarantar 'yan mata. Shugabar makarantar ta kira ta tambaya ko a tunaninsu aurar da ɗaliban za ta yi. Direbobi suka gano in suka fara ba shi labarin gidajensu yana manta ya kore su su tafi, sai kowa ya riƙa zuwa da nasa. Ya so ya kira mai jego ta taimaka masa, Lauya ta ce mai hutu tana hutu. Ya rame, bayansa ya riƙe, mutumin da ke aiki a kamfanin katifa ya koma kwana a ƙasa don ya miƙe.

Ya yi wa Anti ƙorafi cewa gaskiya ta ja masa wahala. A ranar ne, in ji shi, ta yi masa magana mafi tsawo a wannan shekarar. Ta ce, "Kai ka ce ba ka ga ciki ba. Yanzu ai ka gani."

Da ya je yi wa mai jego barka, ta karɓe shi hannu bibbiyu, ta miƙa masa jaririn. Tunda yanzu ba intabiyu ake ba, ita da kanta ta ba shi labarin komai: mijin, da surukai, da yadda aka yi wuta ta ɗauke a asibiti. Ya dawo gida kamar wanda aka yi wa allurar ƙarin jini. Bayan hutunta ta koma aiki, kuma sashen bai ƙara rikicewa ba. Manaja yakan nuna ta a taron shugabanni ya ce, "Wannan da cikinta na ɗauke ta. Wasu sun so su hana, na ce a'a." Kawu yana zaune a wurin yakan gyaɗa kai, Sakatariya kuma ta taka shi, ko da yake wannan ba ya cikin aikin da aka ba ta.

Da lokacin ritayarsa ya yi, aka yi masa ɗan taro a rumfar lodi, aka yi jawabai, aka ba shi kyautar katifa. Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gama da maƙwabta cikin ɗan lokaci, mai kawo ruwa ya canja hanya, jikoki suka koyi cewa suna da aikin makaranta. Sai ya ji ana neman mai kula da sito a wani sabon babban kanti, ya goge takalmi ya tafi.

Ɗan mai kantin ne ya yi masa intabiyu, yana juyi a kujera yana danna waya. Bai buɗe fayil ɗin Kawu ba. Ya ce, "Baba, shekarunka nawa? Gwiwoyin nan suna aiki kuwa? Akwai ciwon suga? 'Ya'ya nawa? Ba wanda zai riƙe ka ne a cikinsu? Asalinku mutanen ina ne?"

Kawu ya amsa duka, har da ƙari. Ya ba da tarihin gwiwar hagu tun daga faɗuwar da ya yi a keke, ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da inda kowa yake aure ko aiki. Ina gidan ya dawo, fuskarsa tana sheƙi. Ya ce, "Tun da nake, ba a taɓa tambayata haka ba. Yaron akwai hankali."

"Kawu, sun ɗauke ka?"

"A'a. Ya ce sun fi son mai jini a jika."

Na ce ai wannan shi ne abin da ya yi shekaru yana hana mutane, ya kira Lauya mana. Fara'ar ta ɗan ragu. Ya ce sai da ya hau mota ya tuna cewa ba a yi masa tambaya ko ɗaya a kan sito ba, shi da ya san sito kamar ɗakin kwanansa. Lauya dai bai kira ta ba. Washegari ya koma kantin, ya zaunar da yaron, ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yana nuna masa wadda za ta kai shi kotu da yadda ya kamata ya yi ta. Yaron ya yi godiya sosai, ya sa maigadi ya raka shi har bakin titi.

Yanzu yana da ɗan shago a bakin hanya kusa da gida, yana sayar da katifa da filo da zanin gado. Ya ce a nan doka tana bayansa. "Mutum ɗaya zai kwanta ko biyu? Maigidan mai jiki ne? Akwai ciwon baya? Yara suna hawa? Akwai mai fitsarin kwance?" Duk tambayoyin aiki ne, ba mai taka shi. Sai dai ciniki ba ya sauri a hannunsa, don mai sayen filo ɗaya yakan fito da yamma. Anti ce take sayar da yawancin kayan, in ya tafi kai jikoki makaranta. Mutum zai shigo ya danna katifa ya ce ta yi tauri, ta ce haka ne. Ya danna wata ya ce wannan ta fi, ta ce haka ne, ta kira mai kura ya ɗauka.

Kwanan baya na biya ta shagon na tarar rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, su biyu suna jan katifu zuwa ɗaya gefen, suna musun wa ya ce a kira mai gyara tun kafin damina. Na ajiye jaka na kama musu. Da muka gama ya ba ni filo biyu, ya ce kyauta ne, amma in dawo masa da ledar.